Abin Da Ke Ƙarƙashin Intalok Ɗin Baba

Ku gyara zama, 'yan uwa, kamar yadda nake ce wa 'yan ajina kowace safiya. Wanda yau ya fara shigowa shafin nan kada ya damu, a hankali zan bi da shi, ba na barin kowa a baya.

Ni malamar firamare ce, aji uku nake koyarwa. Shekaruna ashirin da tara, kuma ni ce auta a gidanmu. Yayyena duk sun yi aure sun bar ni da Baba da Mama. Akwai wanda yake nemana, likitan haƙori ne, mutum mai sanyin murya, ko gaisuwa yake yi sai ka ji kamar zai ƙara da "ba zai yi zafi ba". Ina son sa. To, na faɗa na huta. Abin da ya rage shi ne Baba da Mama su so shi, su biyun tare, kuma wata shida ke nan ban ga sun so abu ɗaya tare ba.

Dalili kuwa intalok ne, wato duwatsun nan na siminti da ake jerawa a tsakar gida.

Baba tsohon ma'aikacin safiyo ne, rayuwarsa duka awon ƙasa. Shekarar da aka haife ni ya shimfiɗa intalok ɗin gidanmu da hannunsa, daga bakin get har ƙofar falo, ja da ruwan toka, an jera su a karkace kamar ƙayar kifi. Baƙo ba ya shan ruwa a gidanmu sai ya ji tarihinsu. Baba zai tare shi tun daga get, ya ce, "Taka nan. Ka ji motsi? Ba za ka ji ba. Taƙi huɗu na tsakuwa ne a ƙasa, na daddaɓe da kaina." Wani lokaci ina zargin ya fi tuna ranar da ya gama aikin nan a kan ranar haihuwata.

Sai ga shi bana wani ɓangare ya lotsa, daidai kusurwar kicin inda mota take juyawa. Wurin ya yi kwari kamar faranti, ruwa yana kwanciya a ciki ko ba a yi ruwan sama ba, duwatsun kuma suna rawa. Mu 'yan gida mun san hanyar kewayewa. Likita bai sani ba.

Ranar da ya fara zuwa gaida su Baba, ya sha farin wando da farar riga, guga har tana ɗaukar ido, ga kwalin biskit a hannu. Ina leƙensa ta labulen ɗakina, ina gyara mayafi karo na huɗu. Ya fito daga mota, ya yi taku uku, a na huɗu ya ɗora ƙafa a kan dutsen da muke kira Mai Tsartuwa. Dutsen ya yi aikinsa. Baƙin ruwa ya taso daga ƙasa ya zana masa layi tun daga gwiwa har aljihun riga.

Bawan Allah. Ya kalli wandon, ya kalli dutsen, ya yi sallama.

Tun daga ranar gidanmu ya rabu biyu. Mama ta ce a kwashe intalok ɗin nan kaf, a kira ma'aikata su zuba sabo. Baba ya ce gyara kawai wurin yake so, amma bayansa ba zai bar shi ya duƙa ba, kuma duk garin nan babu ma'aikacin da ya isa ya taɓa masa aiki.

"To Injiniya, sai mu zauna muna yi wa baƙi wanka?" in ji Mama. Ba ta kiran sa Injiniya sai ranta ya ɓaci.

"Baƙon da yake kallon gabansa ba ya jiƙewa."

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Wata safiya ina haɗa shayi Mama ta rufe ƙofar kicin ta tsaya a jikinta.

"Auta, ki tambayi likitan naki ra'ayinsa. In ya ce a gyara, to irin ubanki ne, ban yarda da shi ba. Haka za ki ƙare da fankar da ake tayarwa da tsintsiya. Ni na gani, ba za ki gani ba."

Ban gama shanye wannan ba, da yamma Baba ya kira ni falo, ya rage muryar rediyo.

"Malama, yaron nan yana da natsuwa. Amma ina so in ji abin da zai ce a kan tsakar gidan nan. Mutumin da zai ga abu ya yi shekara ashirin da tara yana aiki, don kusurwa ɗaya ta lotsa ya ce a zubar, wannan ba na ba shi 'yata. Ke ma wata rana kusurwarki za ta lotsa."

Na ce, "Na gode, Baba." Me zan ce?

Goggo kuma, yayar Baba, ta turo min saƙon murya na minti shida. Ba zan gajiyar da ku ba, ga taƙaitawa: sa'o'ina suna kai yara makarantar da nake koyarwa, ni kuma ina zaune ina jiran dutse ya yanke min hukunci.

A lokacin hutun tara, ina zaune a ofishin malamai da littattafan yara talatin da takwas a gabana, na rubuta wa Likita komai. Na jera masa da lamba, ɗaya, biyu, uku, don kada ya rikice. Amsarsa ta shigo bayan minti goma.

"Wato in na ce a cire, na rasa Baba. In na ce a cike, na rasa Mama."

"Haka ne. Ka ci maki goma."

"Turo min hoton wurin. Ɗaya ta sama, ɗaya ta gefe, ɗaya kuma ki danna dutsen da ƙafa."

"Likita, tsakar gida ce fa, ba baki ba."

"Duk rami ne, Malama."

Bayan kwana biyu ya sake rubutowa cewa Allah ya kawo masa mai aikin intalok da ciwon haƙori. Wai ya tsare mutumin a kujera, baki cike da auduga, yana yi masa tambayoyi yana amsawa da kai. Abin da ya samo shi ne: idan duwatsun suna farfashewa suna zama gari, ko lotsawar ta bi ko'ina, to kwanansu ya ƙare, sai sabo. Idan kuwa duwatsun lafiya suke, wuri ɗaya ne ya zauna, to laifin yana ƙasa, a ɗaga a duba a mayar. Na tambaye shi ko ya cire wa mutumin haƙorin da ya dace. Ya ce yana kyautata zato.

Ran Alhamis da yamma ya zo, wannan karon da baƙin wando. Aka ajiye masa shayi. Baba yana kujerarsa, Mama tana tata, ni ina bakin ƙofa da tire a hannu na manta ban ajiye ba.

"Likita," in ji Baba, "ka ga tsakar gidan nan. Me ka gani?"

"Faɗi gaskiyarka, ɗana," in ji Mama. "Kada ka ji tsoron kowa."

Likita ya ajiye kofi, ya ɗauki cokalin shayi, ya nemi izini ya fita. Muka bi shi a jere. Ya tsuguna a kusurwar kicin yana ƙwanƙwasa duwatsun da cokali ɗaya bayan ɗaya, yana kasa kunne. Wallahi saura kaɗan ya ce musu su buɗe baki.

"Baba, Mama, ku gafarce ni," ya ce. "A aikinmu ba ma yanke hukunci daga waje. Sai an buɗe an ga abin da yake ciki. In kun yarda, ran Asabar zan zo in ɗaga wannan ɓangaren kaɗai, da hannuna. Abin da muka tarar, shi zai faɗa mana."

Baba ya shafa gemu, ya ce wannan magana ce ta masu ilimi. Na juya ga Mama ina jiran ta ce hakan ma ya yi, sai na ga tana murɗa bakin mayafinta.

"Malam, ai da an bari sai wata mai zuwa, in ka tafi wajen ƙaninka. Ƙura za ta tayar maka da tari."

"Ni da na shekara talatin a daji da ƙura? Ina nan. A gabana za a yi."

Na ɗauka tausayi ne. Ku riƙe wannan a ranku, ni a lokacin ban riƙe ba.

Asabar ƙarfe bakwai Likita ya iso da shebur, da baro na aro, da safar hannu irin ta asibiti wadda ta yage a dutse na biyu. Ni na sa tsohuwar doguwar rigata ta ranar shara a makaranta, na ɗaure kai tamau, na fito da kwalin alli. Don Baba ya ce duk dutsen da aka ɗaga sai ya koma gurbinsa, kuma ya fuskanci inda yake fuskanta da. Saboda haka kowane dutse Likita ya ciro, sai in rubuta masa lamba a baya, in ja kibiya, in jera shi a jikin katanga. Kafin ƙarfe tara ina da ɗalibai ɗari biyu da goma sha biyu a layi, kuma ban taɓa samun aji mai shiru irin wannan ba.

Baba yana kan kujerar roba da sandarsa, yana nuni.

"A hankali da wannan, na yanke shi da kaina. Likita, duba gefensa. Ka ga tsaga?"

"Babu, Baba. Ko ɗaya bai fashe ba."

"Maman yara, kin ji? Ko ɗaya!"

Mama kuwa ta kasa zama. Tana ta shiga kicin tana fita, tana kawo mana ruwan da ba mu nema ba.

Da aka gama ɗagawa, sai Likita ya ce za a buƙaci sabon yashi. Ya ce zai kira a kawo. Baba ya miƙe tsaye kamar an zage shi.

"A kawo? Yashin da ban murza da yatsana ba? Ku jira ni."

Ya sa hula, ya karɓi makullin mota, ya fita. Mun san Baba da masu sayar da yashi. Awa biyu ne mafi ƙaranci.

Get yana rufewa Likita ya kafa shebur a tsakiyar kwarin. Ƙasar ta yi laushi kamar kunun... a'a, bari in ce kamar katifar da ta sha ruwa. Ya sake kafawa. Sai ga ruwa yana tsattsafowa, ruwan kuma da kumfa. Farar kumfa, mai ƙamshin furanni. Ya tsaya, ya sunkuya ya shinshina, ya kalle ni.

"Malama, ƙasar gidanku tana wanka da sabulu ne?"

Ya sa hannu ya share, sai ga farin bututun roba kwance a cikin tsakuwar Baba, ya fito daga bangon kicin ya nufi get, ga tsaga a jikinsa tsawon ɗan yatsa.

Bayanmu muka ji kofi ya faɗi. Mama ce.

Ta zauna a kan kujerar Baba, ta ce mu matso. Shekara shida da suka wuce, in ji ta, lokacin da Yaya ya sayo mata injin wanki, aka rasa ta inda ruwan zai fita. Baba ya ce ba mai fasa masa tsakar gida, a riƙa tara ruwan a bokiti ana kaiwa kwata. Ta yi wata uku tana jigilar bokiti. Da Baba ya yi tafiyar mako biyu, ni kuma ina kwas, sai ta kira mai gyaran famfo ya ɗaga duwatsun, ya binne bututu har bakin kwata, ya mayar. Tun daga ranar, duk lokacin wanki, sai ta fito da bokiti ɗaya ta wuce ta gaban Baba tana nishi, don kada ya tambaya.

"Shekara shida, Mama?"

"Rufe min baki. Ke kin taɓa ɗaukar bokitin?"

Ashe shi ya sa take son ma'aikata su zo bayan Baba ya yi tafiya. Ba sabon intalok ne ya dame ta ba, bututunta take so a gyara ba tare da mai tsakar gida ya gani ba.

Ta juya ga Likita, murya ta yi ƙasa. "Ɗana, ka rufa min asiri. In mutumin nan ya ji, ba faɗa zai yi ba, da faɗa ne da sauƙi. Labari zai mayar da shi. Duk baƙon da ya shigo sai ya ji, har in mutu."

Likita ya ce ai da akwai guntun bututu da gam, da ya gwada. Mama ta tashi, ta shiga kicin, ta janyo babbar tukunyar da ba a taɓa dafa komai a ciki ba. A cikinta akwai guntun bututu, da mahaɗi biyu, da gwangwanin gam, har da ƙaramin zarto. Shekara guda suna jiran ranarsu.

'Yan uwa, ban taɓa ganin aiki irin na wannan awar ba. Likita ya yanke wurin da ya tsage, ya goge, ya shafa gam, ya haɗa, da irin natsuwar da yake cike haƙori. Ni ina riƙe masa bututu. Mama tana bakin get tana leƙe ta kafar makulli, tana cewa, "Ku yi sauri, na ji kamar motarsa," duk bayan minti biyu. Muka kwashe jiƙaƙƙiyar ƙasar muka zuba bayan tukwanen fulawa, muka rufe bututun da tsakuwa, Likita ya daddaɓe da guntun katako har gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Hannun nan da bai saba da komai ba sai ɗan madubin duba haƙori, ya yi bororo uku. Na gani, na kau da kai, zuciyata ta yi wani abu da ba zan rubuta a nan ba, don akwai tsofaffin ɗalibaina a cikinku.

Baba ya dawo da buhu shida na yashi da labarin yadda ya kunyata masu sayarwa uku. Ya tsaya a bakin ramin, ya dogara sanda.

"To, Likita. An buɗe. Me ya cinye min ƙasa?"

Mama tana bayan Baba. Idanunta kaɗai suke magana. Ni kuma alli ya karye a hannuna.

Likita ya share gumi. "Baba, aikinku ba shi da laifi. Duwatsu lafiya, tsakuwa lafiya. Gyara ne kawai, ba sai an canza ba."

"Na sani. Na ce me ya cinye ƙasar?"

Likita ya kalli Mama, ya kalli ramin.

"Tururuwa," in ji Likita.

"Tururuwa?"

"Suna kwashe yashi daga ƙasa, Baba. Ƙwaya ƙwaya. Wuri ya zauna, ruwa ya samu wajen kwanciya."

"Wallahi tururuwa ce!" Mama ta cafe. "Na daɗe ina ganin su. Manya-manya. Ai yaron nan ya san aikinsa, Malam. Gyaran ma ya isa, ni dama ban matsa ba."

Baba ya juya ya kalli Mama a hankali, ya kalli Likita, ya gyaɗa kai.

Muka baje yashi, muka mayar da ɗalibaina gurabensu, kowa da lambarsa, har la'asar. Baba ya hau wurin ya yi tsalle ɗan kaɗan, abin da likitan bayansa ya hana. Babu motsi. Mama ta cika wa Likita faranti har yana roƙo. Na ce a raina shi ke nan, su biyun sun so shi rana ɗaya, bari in kira Goggo.

Sai Baba ya yi gyaran murya.

"Likita, ka burge ni. Amma tururuwa ba ta zama a kusurwa ɗaya. In suna nan, suna ko'ina. Saboda haka tsakar gidan nan gaba ɗaya za a ɗaga, layi-layi, a duba a mayar. Duk Asabar ka zo. Yashi na riga na ce a kawo mota guda, ba inda zan sake fita. In mun kai bakin get, sai manyanka su zo mu yi magana."

Cokali ya tsaya a hannun Likita.

"Haba Malam!" in ji Mama. "Intalok mai kyau haka? Aikin shekara ashirin da tara? Wa zai taɓa shi? Ni ban yarda a ɗaga ko dutse ɗaya ba!"

"Ke da kika ce a kwashe kaf?"

"Da na ce. Yanzu na duba da kyau."

Likita ya tafi yana ɗingishi. Mama ta shige ɗaki wai kanta yana ciwo. Ni na tsaya da tsintsiya ina tura yashi cikin tsagogin duwatsu, ina lissafi irin namu na malamai. Duwatsu dubu uku da ɗari huɗu ne a gidan nan. In ana ɗaga ɗari biyu duk mako, Asabar goma sha bakwai ke nan. Bututun Mama kuma yana ƙarƙashin layin da za a fara da shi.

Ban ji zuwan Baba ba sai da inuwarsa ta rufe min tsintsiya. Hannunsa ɗaya a dunƙule yake. Ya buɗe, sai ga jiƙaƙƙiyar ƙasar nan da muka ɓoye bayan tukwanen fulawa. Ya kai ta hanci.

"Malama, ke da kike koyar da kimiyya. Wace irin tururuwa ce take wanki da sabulu mai ƙamshin furanni?"

Na daina shara. "Baba..."

"Ranar da na dawo daga tafiyar nan na ga an juya min duwatsu goma sha ɗaya. Kuma injin da yake shan ruwa bokiti biyar ba ya fitar da bokiti ɗaya." Ya kakkaɓe hannu. "Na bar ta ne. Nishin da take yi in ta wuce da bokitin yana ba ni nishaɗi."

"To me ya sa ka ce a ɗaga duka?"

"Yaron nan ya kalli idona ya yi min ƙarya don kada uwarki ta ji kunya, kuma kunnuwansa har rawa suke yi, alamar bai saba ba. Wanda ya rufa wa uwarki asiri zai rufa miki. Na ba shi ke tun da ya ce tururuwa." Ya ɗaga min yatsa. "Amma ina so in ga wa zai fara karaya, shi ko ita. Kika faɗa wa ɗayansu, na janye."

Ya juya ya nufi falo, yana taka duwatsunsa ɗaya-ɗaya.

Wayata ta yi motsi a aljihu. Saƙo biyu ne, sun shigo kusan tare. Na Mama, daga ɗakin da yake taku goma da inda nake: "Auta, zo yanzu, ki shigo ta baya." Na Likita kuma: "Hannuna ba ya rufuwa. Gaya min gaskiya, Malama, ke ba kya ƙarya. Baba ya yarda da maganar tururuwar nan?"

Shekara bakwai ina koya wa yara cewa ƙarya ba ta da ƙarama. Na jingina tsintsiya a bango, na goge allin hannuna a jikin riga, na rubuta masa: "Sosai ma. Ka zo da safar hannu mai kauri."